Inda kuɗin cefane ke zurarewa a Zariya, da yadda ake toshe ramukan

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin kowane gida ya canza. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kaduna naira 72,000 ne, kuma duk mai riƙe da iyali ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa tun wata bai yi nisa ba. Ƙarin samu ba a hannun kowa yake ba. Abin da ke hannun kowa shi ne yadda kuɗin ke fita, kuma a yawancin gidaje ba babban kashi ne ke cinye su ba. Kuɗin haya da kuɗin makaranta ana ganin zuwansu, ana yi musu shiri ko da na addu'a ne. Masu ɓarnar su ne ɗari biyu nan, ɗari uku can: ƙullin mai, katin waya, cajin POS, acaɓa zuwa inda ƙafa za ta iya kaiwa.

Kafin a rage komai sai an san inda ake zubarwa. A sami ɗan littafin rubutu, a ja layi uku: rana, abin da aka saya, nawa. A yi haka kwana goma sha huɗu ba tsallake, har da alawar yara da sadakar bakin masallaci. Abu biyu ke lalata wannan aiki. Na farko, a bari sai dare a ce za a tuna. Ba a tunawa, ƙananan kuwa su ake mantawa, alhali su ake farauta. Na biyu, maigida ya mai da littafin kotu, yana tuhumar uwargida kan dunƙulen magi alhali nasa shayi da tsiren yamma bai shiga lissafi ba. Littafi ɗaya ne, kowa ya zuba nasa. Bayan mako biyu a haɗa kowane iri wuri guda, a ninka biyu, a ga na wata. Galibi abu uku ko huɗu ne za su fito fili, kuma a kansu za a yi aiki, ba a kan komai da komai ba.

Hatsi ne ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin a nan Bazazzagi ya fi mutumin Legas ko Abuja sa'a. Zariya na zaune a tsakiyar ƙasar noma: Giwa, Soba, Makarfi, Kudan, duk kusa suke. Masara da dawa da wake da waken suya sun fi sauƙi da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, sukan kuma yi tsada da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Mai awon tiya ɗaya kullum a shagon unguwa yana biyan ribar mutum uku ko huɗu, da kuɗin motar kowannensu. Buhun masara kan ɗauki tiya arba'in ko kusa da haka, gwargwadon girman tiyar kasuwar. To, a lissafa: gidan da ke cin tiya ɗaya duk kwana biyu, buhu zai kai shi kusan kwana tamanin, a cire abin da surfe zai fitar na dusa. In buhu ya fi ƙarfin mutum ɗaya, gida biyu ko uku su haɗa, mutum ɗaya ya je kasuwa, a raba kuɗin mota. Kuma a tsaya a auna a gaban ido. Buhun da aka ce "cikakke ne, Alhaji" sau da yawa in an juye shi sai a ga tiya biyu sun yi ɓatan dabo, ko a tarar da tsakuwa da ƙaiƙayi a gindi. A zura hannu har ƙasa, ko a sa a juye a wani buhun.

Sai dai saye rabin aiki ne. Hatsin kaka yakan zo da sauran danshi, in aka ƙulle shi haka sai ya yi fumfuna, ita kuwa fumfunar masara da gyaɗa ba ɗaci kaɗai take sawa ba, guba ce mai taɓa hanta. Gwajin mai sauƙi ne: a sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi cikin tafin hannu da cokali ɗaya na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza sosai, a ajiye kamar minti goma sha biyar. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa. A shanya a kan tamfol kwana biyu ko uku a sake gwadawa. In ya bushe, sai ma'ajin da iska ba ta shiga. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, don wannan aka yi shi: a matse iska, a murɗe bakin leda ta farko a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje. Ƙwarin da ke ciki sukan mutu don rashin iska, ba tare da magani ba. Wanda bai samu ba, jarkar mai da aka wanke ta bushe ƙarau tana yi. Mai lita 25 takan ci kusan kilo ashirin na wake. A cika ta har wuya, a shimfiɗa leda a baki kafin a murɗa murfi. Abin da ke ɓata wannan dabara shi ne buɗewa kullum, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. A riƙa ɗibar na mako biyu ko na wata a wani mazubi. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, saboda sanyin ƙasa da ɓera. Huda ɗaya ta ɓera ta gama da buhun PICS. Maganin ƙwari irin na feshi da wasu ke zubawa a wake kuwa, wannan ba tsimi ba ne, sayen ciwo ne.

Gargaɗi ɗaya: a saya don ci, ba don caca ba. A 2025 farashin hatsi ya sauko maimakon ya hau, waɗanda suka tara buhuna da kuɗin bashi suna jiran tsada suka ji a jikinsu. Mai buhu biyu na tuwon gidansa bai yi asarar da za ta kayar da shi ba, domin ko yaya kasuwa ta juya zai ci abinsa.

Kayan miya ma suna da kalandarsu. Tumatir da tattasai da attaruhu na noman rani sukan cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, sannan su yi wuta da farkon damina. Lokacin arahar a sayi kwando, a yanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta a saman wani abu, ba a ƙasa inda ƙura da awaki ke bi ba, har ya zama kauɗa mai ƙaras-ƙaras. Ko a markaɗa, a dafa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a zuba da zafinsa cikin kwalaben da aka tafasa, a rufe, a sake tafasa kwalaben cikin ruwa kamar minti talatin zuwa arba'in. Kwalbar da murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, a zubar, kada a ɗanɗana. Albasa ba ta son leda ko buhu rufaffe. A baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa tsince wadda ta fara laushi don kada ta ja sauran. Manja ya fi sauƙi daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da kwakwar manja ke yawa a Kudu, yakan kuma hau zuwa ƙarshen shekara. Kuɓewa, kuka, karkashi, duk wanda ya busar da nasa da kaka ya huta da ƙulli.

Maganar ƙulli kuwa, a yi mata adalci. Ba kullum ne babban mazubi ya fi araha ba. Wani lokaci ƙaramar ledar madara ko ta omo ta fi gwangwani sauƙi in aka raba farashi da giram ɗin da ke rubuce a jiki. A raba a gani, waya na da kalkuleta. Kuma saye da yawa yana da nasa ramin: in galan ɗin mai na tsaye a kicin, hannu yakan buɗe, abin wata ya ƙare a kwana goma sha takwas, ga maƙwabta da "Maman Abba ta ce a sam mata". Maganin shi ne a zuba na mako a ƙaramar kwalba, babbar ta koma ɗaki. In na mako ya ƙare ranar Alhamis, an ga matsalar tun tana ƙarama.

Littafin bashin mai shago shi ne ya fi kowane rami zurfi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ke cewa "Malam, rubuta" ba ya tambayar farashi, ba ya tayawa, ba ya iya zuwa shagon gaba ko da can ya fi sauƙi. Albashi na shigowa rabi ya tafi biyan abin da aka riga aka cinye, sai a sake buɗe sabon shafi. Ba a fita daga wannan a wata ɗaya. A daina rubuta abu guda tukuna, a ce sukari da kayan shayi, a riƙa sayensu da kuɗi hannu daga kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, wata mai zuwa a ƙara wani, har shafin ya mutu.

Girki. Mai amfani da gas ya duba jikin tukunyarsa, akwai nauyinta ba gas a rubuce. In an ce an zuba kilo shida, sikeli ya nuna wancan nauyi da ƙarin shida. A tsaya a kalli sikelin kafin da bayan zubawa. A shafa ruwan sabulu a bakin tiyo da kan tukunya, in ya yi ƙwai-ƙwai akwai yoyo, kuma yoyo asara ce da haɗari a haɗe. Harshen wuta shuɗi ake so. In ya yi ja yana baƙanta tukunya, ramukan murhun sun toshe, a goge su. Wake da aka jiƙa tun dare ya fi saurin nuna nesa ba kusa ba. Murfi a kan tukunya, a rage wuta da zarar an tafasa, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi don an ƙara masa wuta, gas kawai ake ƙonawa. Shinkafa ko wake in sun tafasa minti goma zuwa sha biyar, ana iya saukewa a naɗe tukunyar da tsohon bargo a sa cikin kwali, su ƙarasa da zafin kansu. Mai gawayi kuma ya kashe ragowar garwashi ta hanyar rufe shi a tsohuwar tukunya mai murfi, gobe ya tashi da shi.

Wutar lantarki lissafinta a fili yake ga mai mita. Yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1,000 ya yi awa ɗaya a kunne. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, awa shida kullum, yana cin yunit 10.8 a wata. Ƙwan LED mai wat 9 yana cin 1.6. A gida mai ƙwai biyar, bambancin ya haura yunit arba'in da biyar. Ga wanda ke layin Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, wanda aka kai farashinsa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, wannan kuɗin cefanen kwanaki ne. Amma manyan maciya su ne masu zafi: hita, dutsen guga, murhun lantarki, kowanne wat dubu ko fiye. Da sanyin hunturun Zariya ba wanda zai ce a yi wanka da ruwan randa, sai dai a dafa tukunya ɗaya a sirka wa kowa, maimakon kowane yaro ya jefa hita a bokitinsa ya manta da ita. Guga a tara ta mako a yi zama ɗaya. Firji kuma a gwada robar ƙofarsa da takarda: in aka rufe a kanta ta zare ba tirjiya, sanyi na fita, injin na aikin banza.

Ruwa, wanda wahalarsa ba sai an gaya wa mutumin Zariya ba. Jakar fiyawata guda ashirin ce, kowace rabin lita, wato lita goma ke nan kacal. A gwada farashinta da na jarkar mai ruwa da kuɗin tafasawa ko maganin tace ruwa. Da damina kuwa rufin kwano kyauta yake bayarwa: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka rufi mai murabba'in mita hamsin zai tara lita dubu a ruwa ɗaya mai milimita ashirin. Indararo da durom biyu masu murfi sun isa wanki da wanke-wanke. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, a kuma rufe durom saboda sauro da yara.

Waya da banki su ne ɓarayin da ba sa ƙara. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, don haka datar kullum-kullum ta ƙara zama tarko. A raba kuɗin kowane tsari da yawan datar da ke ciki. Na wata yakan fi sauƙi, da sharaɗin a kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, da kunnuwar bidiyo da kansa a Facebook, a kuma hana waya sabunta manhajoji da data. In ba haka ba, na wata zai ƙare a mako, a koma gidan jiya. Rancen kati galibi ana cire kashi 15 cikin ɗari tun kafin ka kira kowa. Wanda ke ranta sau huɗu a wata ya duba abin da yake bayarwa a banza. A tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla, a kuma bincika ko akwai wata waƙar kira ko wasan da ke cirar kuɗi a ɓoye.

Cire kuɗi kaɗan-kaɗan ma haka. A ce mai POS na karɓar naira ɗari a kan dubu biyu: kashi biyar cikin ɗari ke nan, kuma mai yin haka kullum ya ba da dubu uku a wata don kawai ya taɓa kuɗinsa. Tun 1 ga Maris, 2025, ƙa'idar Babban Banki ita ce cirewa a na'urar ATM ta bankinka kyauta, a ta wani banki naira ɗari kan kowace dubu ashirin, da ƙari in na'urar ba a harabar banki take ba. Mai bi ta PZ, inda bankuna suke, sau ɗaya a mako ya ciri na makon gaba ɗaya, ya raba shi ambulan-ambulan. Kowane shiga ta lambar USSD naira 6.98 ne, saƙon alat naira shida, sannan ga naira hamsin a kan turawar da ta kai dubu goma. Ɗaya-ɗaya ba komai ba ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Zirga-zirga ba ta buƙatar dogon bayani. Mai zama Samaru da ke shiga Sabon Gari sau uku a mako don abu ɗaya-ɗaya ya haɗa su rana guda da takarda a hannu. Shatar keke ta ninka kujera ɗaya sau da yawa, jiran minti biyar ne bambancin. Mai babur ya duba iskar taya da matatar iska, domin taya mai laushi mai take sha.

Akwai kashin da ba na kullum ba amma shi ke rusa tsimin kullum: biki, suna, anko, Sallah. Ba za a ce a yanke zumunci don tara kuɗi ba, wanda ya yi haka ranar tasa zai gane kurensa. Abin yi shi ne a ware masa kasonsa kowane wata, in ya ƙare a je da ƙafa da fatan alheri. Anko dai ba farilla ba ne. Atamfar da za a sa sau ɗaya a jefa akwati, alhali ana bin gidan kuɗin makaranta, ba ta burge kowa in an duba da kyau. Kayan Sallar yara a saya a kai wa tela tun Rajab ko Sha'aban, kafin yadi ya hau, tela ya fara wulaƙanci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gero da sukarin azumi ma haka. Nama kuwa, watanda tsakanin maƙwabta ko abokan aiki ta fi sayen tsoka-tsoka, in akwai amintaccen mai rabo da inda za a adana. Mai son sayen ɗan rago tun da wuri ya kiwata don layya ya sa kuɗin dusa da harawa da magani a lissafi, da yiwuwar ciwo ko sata. Ga wanda ke da dusar surfensa da fili a gida yana fita, ga mai sayen komai a kasuwa sau da yawa bambancin kaɗan ne.

Duk abin da aka rage, in ya zauna a aljihu ko a asusun da katinsa ke aljihu, zai bi sauran. Ranar da kuɗi suka shigo ake cire na ajiya, ko da kashi biyar cikin ɗari ne, ba a jira ragowar ƙarshen wata ba, domin ragowa ba ta zuwa. Mai adashin kullum yakan ɗauki zubin rana ɗaya a wata ladansa, kusan kashi uku cikin ɗari, kuma ba abin da ke tsaya maka in ya ɓace. A ba wanda aka san gidansa da iyayensa, a riƙa sa hannu a kati. Ajiyar banki tana da inshorar hukumar NDIC mai biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, wadda a 2024 aka ɗaga zuwa naira miliyan biyar a manyan bankuna da miliyan biyu a ƙananan bankunan al'umma masu lasisi. Mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin su Jaiz da TAJ, da kuma Sukuk, wato jari marar kuɗin ruwa, na Gwamnatin Tarayya da ake fitarwa lokaci-lokaci tun 2017, wanda ake shiga da naira dubu goma. Duk wanda ya zo da alƙawarin ninka kuɗi a wata guda, a tuna da MMM a 2016 da CBEX a 2025. Salon ɗaya ne, suna kawai ake canzawa, kuma na farko-farko da aka biya su ne ƙugiyar kama sauran.

Adashin zagaye, na mutum goma ko sha biyu, shi ya fi dacewa da yawancin gidaje, amma a kula da layi. Na ƙarshe yana karɓar kuɗin da hauhawar farashi ta riga ta gutsura, na farko kuma yakan cinye ya koma zubi kamar mai biyan bashi. Tun ranar da ake tsara sunaye a nemi watan da ke da aiki: Satumba don kuɗin makaranta, ko Nuwamba, lokacin da sabuwar masara ta bushe kuma buhuna suka cika kasuwar Giwa. A rubuta sunaye da watanni da abin da za a yi wa wanda ya makara, kowa ya riƙe kwafi, a kuma sayi buhunan PICS ɗin tun Oktoba kafin ɗauka ta zo.